Me Suke Shukawa a Can?

Daga ƙarshen watan Maris zuwa tsakiyar Mayu, wayoyin mutanen Funtua da Malumfashi cika suke yi da furanni. Ba na gonakinmu ba ne, don a wannan lokaci gona fayau take: an kwashe kara, ana sassabe, ana ƙona sauran tushiya, amalanke da jakuna suna ta jigilar taki, kowa kuma in la'asar ta yi sai ya ɗaga kai gabas ko zai ga alamar hadari. Furannin daga Ingila suke zuwa. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da suka tafi karatu ko aikin jinya sun fito daga ƙuncin hunturu, sun tuɓe jibga-jibgan rigunan sanyi, sun tsaya ƙarƙashin itatuwan da ke yin fure tun ba su fitar da ganye ba, suna murmushi. Mu kuma muna gindin mangwaro da mafici a hannu, muna mayar musu da "Masha Allah, Allah Ya ba da abin da aka je nema."

Ban ga laifin hoton ba. Duk wanda ya yi Disamba a birni irin Manchester, inda rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, ta kuma faɗi kafin 4, inda Azahar da La'asar da Magariba suke cunkushewa cikin abin da bai kai awa huɗu ba, yana da haƙƙin ya yi murna ranar da ya ga haske ya dawo. A Lahadin ƙarshe ta Maris suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai lokacinsu ya zo daidai da namu, kiran gida ya yi sauƙi. Kafin Mayu ya ƙare, ƙarfe 9 na dare rana ba ta gama faɗuwa ba. Mutumin Funtua, wanda tsawon yininsa bai cika gusawa daga awa 12 ba duk shekara, dole abin ya ba shi mamaki.

Inda nake da magana shi ne lokacin da tsoho ya karɓi wayar. Manomin Bakori ko Kafur ba ya tambayar sunan fure. Bayan gaisuwa, cewa zai yi, "To, ruwa ya sauka a wajenku? Me suke shukawa a can? Dabbobinsu me suke ci da rani?" Amsar da ya fi samu ita ce, "Wallahi Baba ban lura ba." Sai tsohon ya ce, "To, Allah Ya yi albarka," ya miƙa wa uwar yaron waya. Yaron da aka haifa a tsakiyar ƙasar masara da dawa da waken suya da auduga, wanda da kuɗin hatsi aka biya masa makaranta, ya shekara biyu a wata ƙasa bai san abin da ke cikin gonarta ba.

Amsar kuwa tana bakin taga. In ka hau jirgin ƙasa daga kowane babban birni na Ingila a watan Afrilu, ba za ka yi nisa ba za ka ga filaye sun yi ɗorawa shar har iyakar ganinka. Ba furen ado ba ne, amfanin gona ne da ake matse mai daga ƙwayarsa, shi ne mafi yawan man girkin da ke kantunansu. Tun Agusta ko Satumbar bara aka shuka shi, ya kwana cikin sanyi, sai Yuli a girbe. Koren da ke kusa da shi alkama ce, ita ma yawanci shukar kaka ce. 'Yan tumakin da ke tsalle a makiyaya ba da ka aka haife su a lokaci guda ba: makiyayi ne ya ware raguna, bai sake su cikin tumaki ba sai da kaka, ya lissafa wata biyar na ciki, don haihuwa ta faɗo daidai da fitowar ɗanyar ciyawa. Wannan labari ne da mai kiwo a Sheme zai saurara da kunne biyu.

Batun ruwa ma akwai abin da zai sa tsoho ya gyara zama. Landan, da ake mata kirarin garin ruwa, abin da take samu a shekara wajen milimita 600 ne. Yankin Funtua yana samun kusan 1,000. Bambancin shi ne namu yana zuba ne cikin wata biyar, ya cika rafuka ya wuce, rana ta ƙone sauran, nasu kuwa yayyafi ne da ke ratsa shekara, ga sanyin da ba ya barin ƙasa ta bushe. Wanda ya fahimci wannan, in ya dawo ya tsaya a bakin dam ɗin Mairuwa ko na Gwaigwaye, zai daina cewa ba mu da ruwa. Zai fara tambayar nawa muke iya tarewa.

Ko a cikin gari akwai noma. Ƙananan hukumominsu suna yanka filaye su ba mazauna haya, cikakken fegi wajen murabba'in mita 250, kuma a wasu unguwanni sai mutum ya yi shekaru a layi kafin ya samu. Da bazarar can za ka ga tsofaffin Turawa da 'yan Pakistan da 'yan Jamaika a durƙushe suna dasa albasa da dankali da kabewa da alayyahu, kowa da ramin da yake tara ɓawon kayan miya da ganye su ruɓe su zama taki. Ɗanmu yana wucewa ta gefen shingen kullum a kan hanyarsa ta zuwa tashar bas. Da ya leƙa ya yi sallama, da ya tarar shi ne ya fi kowa a wurin sanin yadda ake riƙe fartanya.

Amma in ana maganar Manchester, mutumin kudancin Katsina ba baƙo ba ne kamar sauran baƙi, ko da bai sani ba. Garinsa da wannan birni sun daɗe da ƙulla hulɗa, kuma da zaren auduga aka ƙulla ta. A ƙarni na 19 masaƙun lardin Lancashire sun dogara ne da audugar kudancin Amurka, wadda bayi baƙar fata suke nomawa. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, auduga ta yanke, injuna suka tsaya, ma'aikata suka shiga yunwa. Masu masaƙu ba su manta da wannan wuya ba. A 1902 suka kafa wata ƙungiya a Manchester don a riƙa noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, ita ce BCGA, wadda har yau sunanta bai fita daga bakin mutanen Funtua da Malumfashi ba. Ita ta kafa injunan gurzar auduga a garuruwanmu. Aka kawo irin Allen daga Amurka, aka buɗe gonar iri a Daudawa, sannan a ƙarshen shekarun 1920 layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda. Wannan dogo da wannan auduga su suka mayar da Funtua gari mai tara baƙi daga ko'ina, inda Sarkin Maska yake zaune a yau. Ba Bature ne ya koya mana auduga ba. Kakanninmu suna noma ta, mata suna kaɗi, maza suna saƙa, tun kafin a ga farar fata, har ma da farko masaƙan gida sun riƙa sayen auduga da tsadar da ta fi ta Bature. Abin da ya kawo shi ne sikeli, da ma'aikacin da ke tantance daraja, da farashin da ake yankewa a wani wuri da manomi bai taɓa gani ba.

To wannan wurin yana nan, ana shiga. A tsakiyar Manchester akwai ginin da ake kira Royal Exchange, inda dillalan auduga suka riƙa haɗuwa. An daina ciniki a cikinsa a 1968, an mayar da shi gidan wasan kwaikwayo, amma allon farashin ranar ƙarshe yana nan a sama ba a goge ba. Jikan manomin da ya yi dakon auduga a ka zuwa kasuwar auduga ta Dandume ko Danja zai iya tsayawa ƙarƙashin wannan allo kyauta. Tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai gidan tarihin kimiyya da masana'antu, a harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830, inda aka ajiye injunan kaɗi da na saƙa. A kudancin birnin, a ƙauyen Styal, akwai masaƙar da aka gina a 1784, da gidan da aka riƙa ajiye yaran marayu masu yi mata aiki. Wanda ya ga ɗakin kwanan waɗannan yara zai gane cewa talakan can ma ba shi ya ci ribar ba.

Zanen ma haka. Na san da yawa daga cikinmu suna ƙyamar gidajen zane saboda gumaka da hotunan tsiraici, kuma ba zan ce wa kowa ya kalli abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba. Ɗakuna ne, kana iya wuce wannan ka shiga wancan. A Salford akwai gidan da aka sa wa sunan L. S. Lowry, mai zanen da ya rasu a 1976, wanda ya ƙare rayuwarsa yana zana ma'aikatan masaƙa: 'yan sirara-siraran mutane, sun sunkuyar da kai, suna fitowa daga ƙofar masana'anta ƙarƙashin hayaƙi. Ɗaya daga cikin zanukansa mafi shahara na 1930 ne, daidai lokacin da tarago-tarago na auduga suka fara barin tashar Funtua. Gidan zane na Whitworth, da ke kan hanyar da ɗaliban jami'a ke bi kullum, yana da tarin yadudduka daga sassan duniya. Ɗan gidan masaƙa ko marina ko masu ɗinkin aska takwas yana da idon da zai gane ingancin saƙa fiye da yawancin masu yawon buɗe ido da ke gefensa.

Ƙarshen labarin ya fi farkonsa ciwo. Da Sardauna ya so Arewa ta riƙa saƙa audugarta, wani kamfanin Lancashire, David Whitehead, aka haɗa gwiwa da shi aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957. Masaƙun Lancashire suka mutu, namu na Kaduna da Kano suka bi bayansu, ta Funtua da aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 tana cikin 'yan ƙalilan da suka yi saura. Su da nasu suka mutu, sun mayar da gine-ginen gidajen kwana da ofisoshi da gidajen tarihi, suna karɓar kuɗin baƙi da su. Mu kuwa yaron da ke sayar da katin waya a kusa da tsohon injin gurza bai san abin da harufan nan huɗu na BCGA suke nufi ba, kuma babu allo ko ɗaya a garin da zai gaya masa.

Abin da ke ƙara sa ni jin nauyi shi ne su da suka zo wajenmu ba haka suka zauna ba. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen 1970, yana lura da yadda ake ciwo da yadda ake magani. Paul Clough ya zauna a Marmara, kusa da Malumfashi, a ƙarshen shekarun 1970, ya bi diddigin yadda ake bashi da biki da fataucin hatsi, ya ci gaba da dawowa, littafinsa bai fito ba sai 2014. Likitocin Liverpool da na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi shekaru suna ƙirga cututtukan ƙasar Malumfashi gida-gida. A 1975 Bankin Duniya ya zaɓi Funtua cikin wurare uku na farko da ya gwada shirinsa na raya noma, tare da Gusau da Gombe, aka cika manyan fayiloli da bayanin gonakinmu. Duk wanda yake son sanin yadda kakarka take raba tuwo zai samu a ɗakin karatu a Landan. In kai kana son sanin yadda manomin Ingila yake samun bashin banki, ko yadda ake kula da tsohuwa a can, da Hausa, daga bakin wanda ya gani, ina za ka nufa?

Da muna da masu yi. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi Bature matafiyi Barth zuwa Landan a 1855, ya ba da labarin abin da ya gani da Hausa, har da yadda Turawa ke zaman cin abinci, kuma an rubuta. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jarida, ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Sarkin Katsina Dikko ya je tun 1921. Imam da Dikko makonni ko watanni suka yi, ba su da kyamara a aljihu. Yau muna da ɗaruruwa da suka shekara da shekaru, kowa da waya mai ɗaukar murya da hoto, amma abin da ke iso mana bai wuce hoto a gaban filin ƙwallon Old Trafford ba.

Na san abin da za su ce, kuma da gaskiyarsu. Ɗalibi a Ingila awa 20 kawai doka ta yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, da su zai biya haya ya ci abinci. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin makarantar da aka yi lissafinsa a gida ya ninka. Daga Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, don haka da yawa su kaɗai suke, ba mai dafa musu, ba mai ɗebe musu kewa. Mai aikin kula da tsofaffi yana tsaye awa 12, in ya dawo barci kawai yake nema. A 'yan shekarun nan azumi ma a wannan lokaci ya riƙa faɗowa. Ga 'yan uwa a gida da ke ganin duk wanda ke Turai a kan tulin kuɗi yake kwana, ga kuɗin taki, ga wanda 'yan bindiga suka hana shiga gonarsa a Faskari ko Sabuwa yana jiran a taimaka. Wanda ke cikin wannan hali in ka ce masa ya je kallon zane, zai iya cewa ba ka san zafin nema ba. Sai dai manyan gidajen tarihin ƙasar kyauta ake shiga tun 2001, kallon gona ta taga ba a biya, kuma wanda ya sami rabin awa na neman inda haske ya fi kyau don ɗaukar hoto, ya sami rabin awa na karanta allon da ke jikin bango. Mai aikin kula da tsofaffin ma ya fi kowa abin faɗa, don shi ne ke shiga ɗakunan da Bature ba ya nuna wa baƙo.

Ba Ingila kaɗai ba. Ɗaliban da gwamnatin Katsina ta tura Masar karatun likita suna ƙasar da ake shuka auduga a Maris da Afrilu, ake girbin alkama a Afrilu da Mayu, duk da ruwan kogi guda. Suna ganin ranar Shammun Nasim, da Musulmi da Kirista suke fita lambuna da gishirtaccen kifi da ɗanyar albasa da dafaffen ƙwai. Manomin rani na Danja, mai tumatir da rake, zai so ya ji yadda ake raba ruwa a tsakanin gonaki a bakin Nilu ba tare da an yi faɗa ba, ko kuwa ana yi.

Sai abinci, wanda a nan ne kowa yake zama mai lura ko ya so ko bai so ba. Duk mai tafiya daga nan, Inna ta cusa masa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji a jaka. Kilishi da man shanu kuwa doka ta hana shiga da su, in an gani a filin jirgi ƙwacewa ake yi. Kafin bazara guzuri ya ƙare, sai a koma tuƙa tuwo da garin semo ko na shinkafa, ana bin shagunan 'yan Pakistan na Rusholme neman naman halal da attarugu. To a cikin waɗannan shaguna da manyan kantuna akwai karatun da ya fi na aji. Zoɓon da muke sayarwa a buhu, ga shi an niƙa an ƙulla a 'yan jakunkunan shayi cikin kwali mai kyau, farashin kwali ɗaya ya isa ya sa mai gonar zoɓo ya riƙe baki. Riɗi ga shi a kwalba an mayar da shi mai ko tunkuza. Citta, tsamiya, aya, zogale, duk suna nan, amma in ka juya bayan kwalin, sau da yawa sunan wata ƙasa za ka gani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an yi ta samun maganin ƙwari mai guba a cikinsa fiye da ƙima. Mun san yadda abin yake faruwa, don a rumbunanmu da shagunan 'yan kasuwarmu ake yi: a zuba fiya-fiya a buhu don kada wake ya yi ƙwari kafin farashi ya tashi. Waken da Bature ya ƙi, mu muke cinye shi a ƙosai da alale. A 2024 an buɗe tashar tsandauri ta Funtua, wadda aka ce daga nan za a riƙa rufe kwantena a tura ƙasashen waje kai-tsaye. Gini ya samu, dogo yana nan ko da ya tsufa. Abin da babu shi ne mutanen da suka san abin da mai saye yake so: danshi nawa yake yarda da shi a riɗi, a kan me ake shanya zoɓo don kada ya kwashi ƙasa, wace takarda ake nema kafin kaya su sauka, wane ne ke gwada su, nawa ake biya. Ɗanmu da ke jera kaya a kantin Manchester da daddare yana riƙe da waɗannan kwalaye a hannunsa, yana iya karanta abin da ke bayansu, yana iya tambayar mai shago daga ina yake saro su. Saƙon murya na minti biyar da Hausa a kan wannan, in ya shiga zauren WhatsApp na 'yan kasuwar hatsi ta Dandume, kafin Magariba ya kai Bakori da Ƙanƙara, kuma gidajen rediyon jihar ba za su ƙi sa shi a shirin manoma ba.